Ranar da Mai Walda Bai Taka Tashar Farko Ba

Kafin in zo Riyad ban taɓa ganin wasan besbol ba, ko a talabijin. A Gusau ƙwallon ƙafa na sani, kuma na daɗe ina hura usur a wasannin unguwa, har daga ƙauyuka akan aiko a ɗauke ni idan za a yi wasan da ake tsoron rigima. Da na samu iƙama, wato takardar izinin zama, na fara jan motar ma'aikata a wani kamfani da ke unguwar Ulaya, sai na ɗauka ni da alƙalanci mun yi sallama ke nan.

A unguwar Gubaira nake zaune, a saman wani tsohon bene, ni da wani dattijo ɗan Maraɗi da ke sayar da turare. A ƙasan benen akwai shagon wani ɗan Filifin mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Gajere ne kakkaura, furfura ta fara cin kansa, kuma ya daɗe a ƙasar ƙwarai. Da Larabcin kasuwa muke magana, inda ya gaza mu cike da Turanci. Yakan ce min sadiƙ, wato aboki. Ni kuma Koci nake ce masa, don na ji haka 'yan uwansa ke kiransa, tun ban san kocin me ba ne.

Wata Juma'a a farkon sanyi ya hau sama ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, hannunsa na dama a naɗe da bandeji. Fanka ta yanke shi a wurin aiki. Ya roƙe ni in ja masa tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya zuwa wani fili a kudancin gari bayan an sauko daga masallaci. Na kai shi. Filin rairayi ne tsantsa, ba ciyawa ko ɗaya, an kewaye gefe guda da waya. A nan na tarar da ma'aikata iri-iri: 'yan Filifin, 'yan Koriya, Amurkawa biyu-uku daga wani asibiti, da samarin Saudiyya da suka yi karatu a waje suka dawo da son wasan. Sun haɗa 'yan ƙungiyoyi suna fafatawa duk Juma'a, daga shigowar sanyi har zafi ya kore su.

Na zauna a bayan mota ina kallo ban gane komai ba, sai abu ɗaya. Wanda aka sa alƙalanci ranar yana yanke hukunci yana waigen masu ihu. Da muke komawa na faɗa wa Koci haka. Na ce ban san dokar wasanku ba, amma mutumin nan tsoro yake ji. Ya juyo ya dube ni da kyau, ya tambaye ni ina na san wannan. Kafin mu iso Gubaira ya gama yanke shawarar cewa ni ne alƙalinsu na gaba.

A shagonsa ya koya min, da murafan kwalba a kan teburin aiki. Akwai tashoshi uku da gida, an jera su kamar kusurwoyin ɗaki. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai sanda ya buga, ya ruga tashar farko, daga nan ta biyu, ta uku, ya dawo gida. Duk wanda ya dawo gida lafiya ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Masu tsaron fili kuma ƙoƙarinsu su fitar da shi, ko su cafe ƙwallon a sama, ko su riga shi kai ta tasha. Idan an fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu tsaro su karɓi sanda. Wannan shi ne mai sauƙin. Sauran dokokin kuwa kamar ba za su ƙare ba, kowace da 'ya'yanta da jikokinta. Sanyi guda na yi ina tsaye a gefe ina kallo kafin ya yarda ya miƙa min abin kare fuska da sulken ƙirji.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin usur. A ƙwallon ƙafa idan mutum ya taso maka sai ka hura, ka zaro kati, ka juya baya ka ruga da gudu, wasa ya ci gaba. A besbol ba inda za ka gudu. Kocin kowace ƙungiya yana da damar ya nemi a tsaya, ya tako har gabanka, ya faɗi abin da ke ransa, kai kuma kana tsaye kowa na kallo. Koci ya ce min in cire abin fuska don mutum ya ga idona, in mai da hannuwana baya, kada in tsaya gaba da gaba da shi kamar za a yi dambe, in ɗan karkata gefe. Ya ce in bar shi ya zazzage duk abin da ya kwaso, sannan in tambaye shi me ya gani. Yawanci, in ji shi, kafin mutum ya gama ba da labarin abin da ya gani rabin fushin ya tafi.

Na gwada a kan wani Ba'amurke dogo, ma'aikacin jinya, wanda ya taso min a wasana na uku fuskarsa ja wur. Yana magana da sauri har ban kama ko rabi ba. Na tsaya shiru har ya numfasa, na ce masa ya maimaita a hankali don Turancina na mota ne. Ya buɗe baki zai sake, sai dariya ta ƙwace masa. Daga ranar muka saba. Na kuma gane akwai gardama iri biyu. Akwai wanda ke cewa idonka ya yi kuskure, wannan ba abin da za ka yi masa sai haƙuri, don abin da ka gani shi ka gani. Akwai kuma wanda ke cewa ka karanta dokar ba daidai ba, shi wannan yana da hakkin ka saurare shi sosai, don wani lokaci shi ke da gaskiya. Sau biyu na janye hukunci a kan haka, kuma ban ji na ragu da komai ba.

A sanyina na uku ina alƙalanci abin da nake son ba da labarinsa ya faru.

A ƙungiyar da Koci ke horarwa akwai wani mai walda, shi ma ɗan Filifin, ya girmi kowa a filin. Siriri ne, ba ya da yawan magana, idanunsa sun lalace da hasken walda har kamfaninsu ya ce ya isa haka. An riga an buga masa bizar fita ta ƙarshe, jirginsa a cikin makon. Bai iya wasa sosai ba. Yakan tsaya can bayan fili inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba, idan ya karɓi sanda kuma da wuya ya taɓa ta. Amma shi ne ke fara isowa fili ya share duwatsu, kuma shi ya ƙera ƙarafan da aka kafe tashoshin da su. Kowa ya san wannan Juma'ar ce wasansa na ƙarshe, ban da abokan karawarsu, ƙungiyar samarin Saudiyya, waɗanda ba wanda ya faɗa musu.

Wasa ya yi nisa, saura zagaye ɗaya bayan wanda ake ciki. Samarin suna gaba da maki ɗaya. An fitar da mutum biyu daga ɓangaren Koci, akwai masu gudu a tasha ta biyu da ta uku, sai layi ya zo kan mai walda. Na ga Koci ya dubi wani matashi a benci kamar zai canza shi, sai ya fasa, ya tafa wa mai walda hannu ya ce ya je.

Jifa na farko ya kai mata duka ya sami iska. Na biyu kuwa ban san yadda aka yi ba, shi ma na tabbata bai sani ba. Sandar ta yi wata ƙara mai daɗi, ƙwallo ta tashi ta wuce kan mai tsaron hagu ta gangara har jikin waya. Fili ya kaure da ihu. Masu gudu biyu suka shigo gida ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai ne alƙali, don haka na cire abin fuska na biyo layin tashar farko ina kallon ƙafafuwansa, kamar yadda aka koya min. Yana gudu kansa a sama yana bin ƙwallon da ido. Da ya zo kwanar, ƙafarsa ta sauka a cikin rairayi kusan taƙi guda daga tashar, ya wuce bai taɓa ta ba. Ya isa ta biyu ya tsaya yana haki, 'yan uwansa na tsalle suna kiran sunansa.

Dokar a nan ita ce alƙali ba ya cewa komai. Ko ya gani, shiru zai yi, sai idan masu tsaro sun kawo ƙara da kansu kafin a sake jifa. Idan ba su kawo ba, magana ta wuce. Na koma bayan gida a hankali, na sa abin fuska, ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ba wanda ya lura. Ban taɓa yin irin wannan addu'ar a fili ba sai ranar.

Mai tsaron tashar farko ya lura. Wani saurayi ne mai gilashi, nutsattse. Ya ɗaga hannu ya nemi a jefo masa ƙwallon, ya taka tashar, ya dube ni ya ce, "Ya hakam, bai taka ba." Hakam shi ne alƙali da Larabci.

Na ɗaga hannu na ce ya fita. Sannan na juya na nuna cewa makin nan biyu ba su shiga ba, don idan mai sanda ne na ukun da aka fitar kuma bai kai tashar farko ba, duk wanda ya shigo gida a wannan bugun bai ci komai ba.

Koci ya taso daga benci. Bai yi gudu ba, takowa ya yi a hankali, wanda ya fi gudun ban tsoro. Na cire abin fuska, na mai da hannuwa baya, na karkata gefe. Ya ga duk abin da nake yi, ya san daga ina na samo shi, kuma na ga hakan ya ƙara masa haushi.

Ya ce, "Hakam." Bai taɓa kirana da wannan sunan ba. "Mutanena biyu sun shiga gida tun kafin yaron can ya taɓa ƙwallo. Kowa ya gani."

Na ce, "Sun shiga, Koci. Amma fita ta uku a tashar farko take, a kan mai sanda. Ba a duba wa ya riga wa."

"Ka tabbata bai taka ba?"

"Na tabbata."

"Da ƙura da komai?"

"Ina kusa da shi. Akwai taƙi guda."

Ya sunkuyar da kai. Ya san dokar, shi ya jera min ita da murafan kwalba. Da ya ɗago, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce, "Ba kofi a wasan nan. Ba kowa a nan sai mu. Mutumin nan jibi zai tafi, ba zai sake riƙe sanda ba. Da ka ce ba ka gani ba, wa zai tuhume ka?"

Na ce masa na gani.

Muna cikin haka sai kyaftin ɗin samarin ya matso. Wani daga benci ya riga ya faɗa masa labarin mai walda, kuma kunya ta kama shi. Ya dafa ƙirji ya ce wallahi ba su sani ba, sun janye ƙarar, a bar makin, ma fi mushkila, wato ba matsala. Saurayin mai gilashi yana bayansa yana gyaɗa kai, kamar ya yi kuka.

Wannan ya fi na farko wuya. Ban taɓa jin inda aka ce a janye ƙara bayan an yanke hukunci ba, kuma Koci bai taɓa koya min ba. Na tsaya ina tunani, su duka suna jirana. Abin da ya zo min shi ne, kafin su kawo ƙarar zaɓi nasu ne, da sun so da sun yi shiru. Amma tunda sun tambaye ni na kuma faɗi abin da na gani, ya zama abin da ya faru, ba kayan wani ba ne da zai yi kyauta da shi. Kuma akwai wasu ƙungiyoyin da matsayinsu ya rataya a kan sakamakon wannan wasan, ba sa nan balle a tambaye su. Na gode wa kyaftin ɗin, na ce masa Allah ya saka da alheri, amma hukunci ya tsaya.

A nan Koci ya fashe. Ya jefar da hularsa ƙasa, ya koma yarensu yana faɗa yana nuna ni da hannu, ya dawo Larabci ya ce masu hakki sun yafe, ni wane ne da zan ƙi. Ya faɗi wata kalma da a doka ta isa in kore shi daga fili. Na yi kamar ban ji ta ba. Na bar shi har ya gaji, sannan na ce, "Koci, na ji ka. Rana na tafiya, kuma kuna da sauran zagaye ɗaya. Ka fito da mutanenka."

Mai walda ne ya kawo ƙarshen abin. Ya taho daga tasha ta biyu, ya sunkuya ya ɗauki hular Koci, ya kaɗe ta a gwiwarsa, ya miƙa masa, ya ɗauki safar hannunsa ya nufi bayan fili. Sauran suka bi shi.

A zagayen ƙarshe layi bai sake kaiwa kansa ba. Samarin suka ci da maki ɗayan nan. Da aka tashi, suka jeru su duka suka gaisa da shi ɗaya bayan ɗaya, kyaftin ɗinsu ya sumbaci kansa kamar yadda suke yi wa manyansu, suka ba shi ƙwallon da ya buga.

Ni ke jan motar Koci zuwa gida duk Juma'a tun daga ranar farko, ko bayan hannunsa ya warke. Ranar ma ni na ja. Muka tsaya a gidan mai da muka saba tsayawa na shiga masallaci na yi magariba. Da na fito na tarar ya sayo shayi kofi biyu kamar kullum, ya ajiye nawa a gaban sitiyari, fuskarsa na kallon taga. Na sha. Muka ƙarasa Gubaira a haka.

Na ba dattijon ɗakinmu labari yana jera kwalaben turare. Bai san besbol ba, bai kuma damu ya sani ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, in ka tambaye ni, da na bar wa tsohon abinsa." Na fara yi masa bayanin sauran ƙungiyoyi, ya ɗaga hannu ya ce shi bai ce na yi laifi ba, ya faɗi abin da shi zai yi ne kawai, kuma shi ya sa ba a taɓa ba shi alƙalanci ba.

Washegari da yamma mai walda ya aiko a kira ni liyafar bankwana da suka haɗa masa a masaukinsu. Na yi niyyar in ƙi zuwa, dattijon ya ce in tashi in tafi. Sun dafa kaza da shinkafa, sun ware min nawa gefe suna ta tabbatar min cewa ba abin da ya haramta a ciki. Mai walda ya zaunar da ni kusa da shi. Na tambaye shi ko ya san bai taka ba. Ya ce wallahi bai sani ba, shi ƙwallon yake kallo, don bai taɓa ganin tasa ta yi nisa haka ba, ya so ya ga inda za ta faɗi. Ya ce tashar kuma shi ya kafe ta da hannunsa, ya kamata a ce ya san inda take. Aka yi dariya. Koci yana can ƙarshen tabarma, bai yi ba.

Ya ɗauki makonni yana gaishe ni da kai kawai. Ranar Juma'a yakan ajiye min makullin mota a kan teburin shago, in ja mu tafi, in ja mu dawo. Ban matsa masa ba. Wata rana na sauko zan tafi aiki na same shi yana kwance wata na'ura, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Na duba littafin doka. Babu inda aka ce ana iya janye ƙara bayan hukunci." Na ce to. Ya ce, "Babu kuma inda aka ce ba a iyawa." Na ce haka ne. Ya ce har yanzu yana ganin da na bari. Na ce na sani. Ya miƙo min sukuddireba ya ce in riƙe masa nan, sadiƙ, hannunsa ba ya kaiwa. Har yau ba mu daidaita a kan wannan maganar ba, mun dai daina tayar da ita.

Da sanyi ya zagayo, gwiwarsa ta hana shi tsayuwar horarwa, ya miƙa ƙungiyar ga wani ƙaninsu. Amma zaman gida ya gagare shi, sai ya ce zai riƙa taya ni alƙalanci, ni a bayan gida shi a wajen tashoshi. A wasansa na farko ya fitar da wani ɗan Koriya a tasha ta biyu, abin ya zo kusa ƙwarai. Kocinsu ya taso masa. Ina hango su daga inda nake. Ba a yi nisa ba na ji muryar Koci ta fi ta mai ƙarar tashi, yana ɗaga hannuwa sama yana matsawa gaba. Dole na cire abin fuska na ruga na shiga tsakaninsu, na tura shi baya da kafaɗa, na saurari ɗan Koriyar har ya huce.

A hanyar gida ya ce aikin nan ba na mutane ba ne, shi ya gama. Juma'a ta gaba tun kafin in sauko ya riga ya loda tashoshin a bayan mota, yana zaune a gaba da sabuwar baƙar riga irin ta alƙalai da ya sayo a kasuwar Bat'ha, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa.